Murafan Bawul Shida

Jaji ya kifa murfi na shida a kan madubin matarsa, ya danna gefensa da yatsa. Bai yi rawa ba. Haka ake gane murfin bawul ɗin da bai lanƙwashe ba, wanda zai zauna daram a kan inji ya hana baƙin mai yoyo. Shekara ashirin da biyu ya yi yana makanikin ƙaramin jirgin feshi, kuma ko da aka sallame shi a shekarun nan na tsuke bakin aljihu, hannunsa bai taɓa yarda an sallame shi ba.

"Malam, in jirgi ya gama kwalliya a miƙo min madubina," in ji Hamsatu.

Wata biyu ke nan da wani sabon injiniya ya aiko masa cewa za a tayar da jirgin da ya daɗe a ajiye, ya zo ya ɗauki murafan da tsatsa ta cinye ya gyara. Jaji ya kawo su ƙauyensu na gefen Kunci. Ya kankare tsohon fenti, ya wanke su da fetur, ya bi su da sanfefa har yatsunsa suka yi kanta. Ya shafa fentin ƙasa, ya ɗora ja sau biyu, ya bar leɓen da zai haɗu da inji ba ko ɗigo. Gidan sauron Hamsatu ma bai tsira ba, da shi ya lulluɓe su don kada ƙuda ya sauka.

Ana cikin haka tsuntsaye jan-baki suka faɗa wa geron gari. Mutane suka ce a girbe ko bai gama nuna ba, a tsira da abin da ya samu. Jaji ne ya hana. Ya ce a ba shi kwana goma fenti ya kama jiki, jirgi na zuwa. Da yake duk garin shi kaɗai ya taɓa ɗora hannu a kan jirgin sama, aka ajiye magirbi.

Yana naɗe murafan a tsumma sai ga maƙwabcinsa Dabo da sallama.

"Malam Jaji, yau kwana tara. Gonata ta gabas ta tafi."

"Yau zan kai su. Jibi war haka za ka ji shi a sama, in sha Allahu."

Ya hau babur zuwa Kunci, ya shiga bas, buhun murafan na kan cinyarsa, ya hana kwandasta taɓawa. Da azahar ya isa ƙaramin filin jirgin. Ƙofar rumfar jirgin a wangale take. Babu komai ciki sai tabon baƙin mai a siminti, daidai inda hancin jirgin yake tsayawa.

Mati mai gadi ya taso yana ɗingishi, ya dubi buhun, ya sunkuyar da kai.

"Ashe ba wanda ya aiko maka? An yi gwanjonsa tun watan jiya. Masu narka tukwane suka saya, a nan suka yanka fukafukan."

"Injiniya fa?"

"An canja masa wurin aiki."

Tun watan jiya. Wato ranar da ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce a jira, jirgin ya riga ya zama tukunya. Ba jirgin kaɗai ne abin baƙin cikin ba. Geron mutane ya ci da bakinsa.

Da la'asar ya sauka, bai bi ta gida ba, ya miƙe gona. Jan-baki sun rufe ta, zangarniya da yawa ta zama tsinke. Hamsatu na tsaye tana jan igiyar da aka jera wa gwangwanaye, muryarta ta dushe don kora. Dabo ya hango shi daga kan iyaka, ya ga buhun bai rage nauyi ba.

"Babu jirgi," in ji Jaji. "Ku yafe min."

Dabo ya juya masa baya. Ya tafi ɗauko magirbinsa, kuma da zaginsa ya yi da ya fi wa Jaji sauƙi.

"Sun saba da gwangwanin nan," Hamsatu ta ce a hankali, ba ta dube shi ba. "Ba ya ƙara."

Jaji ya durƙusa ya kwance tsumman. Murafan suka fito jajaye, suna sheƙi, ko ƙura babu. Ya zura igiya ta ramukan noti, ya ɗaure su biyu-biyu, fuska da fuska. Hamsatu ta ja. Ƙarfe ya daki ƙarfe, ɓawon jan fenti ya faɗo a kan kunyar gero. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, suka kewaya, suka fara sauka a ƙarshen gonar.

Ta sassauta hannu, tana kallon tabon da ya fito a jikin murfin.

"Ja da ƙarfi, Hamsatu," ya ce.