Gidan Burodin da Ya Buɗe Bakin Aji

Malama tana cikin raba takardu Shugaban Sashe ya shigo, ya zauna a kujerar baya, ya ɗora waya a kan tumbinsa. Ya zo ne ya ga ko darasinta ya cancanci a bar shi. Tun farkon zango take koya wa ɗaliban kasuwanci Turanci ta hanyar labaran kamfanoni maimakon haddar nahawu, su kuwa sai dai su zuba mata ido kamar an jera buhuna. In yau ma ba su yi magana ba, za a soke darasin, aikinta ya bi shi.

Labaran manyan kamfanonin waje ba su taɓa motsa su ba. Shi ya sa wannan karon ta rubuta na kusa: wani mai gidan burodi da ya sayi ƙaton injin gashi tun bai tara masu saye ba, ya cika wurin da ƙannensa, ya rufe kafin shekara ta zagayo. Ba ta sa suna ba. Mijinta ne, kuma ba ta gaya masa ba.

Sai ga baki ya buɗe. Wani mai ƙaton agogo, wanda ko allura bai taɓa sayarwa ba, ya miƙe ya zayyana da Turanci tiryan-tiryan cewa mutumin ba shi da kai. Wata da ta saba gyangyaɗi a aji ta ce irin wannan ko teburin lemo bai kamata a ba shi ba. Aka kwashe da dariya. Kalmomin da Malama ta sha wahalar cusa musu, na jari da gasa da talla, duk suka fito, kowacce a gurbinta. Takaici ya cika ta. Yaran da har yau iyaye ke saya musu katin waya, su ne ke yanke wa mutumin da ya ƙone hannuwansa a bakin wuta hukunci. Amma ta tsaya tana gyaɗa kai, har tana gyara musu lafazi.

Shugaban Sashe, wanda dariyar ce ma ta tashe shi, ya tare ta a ƙofa ya ce darasi ya zauna daram.

"Wannan sakaran naki ya yi mana rana," in ji shi. "A buga labarin, kowane aji a ba su."

Ta ce to.

A bakin ƙofar jami'a mijin na jiranta a kan babur, kamar kullum tun da ya rasa abin yi. Ya miƙo mata hular kwano, ya tambaya ko yaran sun yi magana yau. Ta ce sun yi.

"Alhamdulillahi. Ai na ce miki kin iya. Me kika ba su haka?"

Ɗaliban sun fara fitowa, har yanzu suna dariya.

"Wani tsohon labari ne," ta ce. "Ja mu tafi, Maigida."