Shekarar da Sista Ta Ɗauke Kofi

A kulob ɗin tanis da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ba a san shi da wani suna ba sai Bahago. Mai shagon tabarau ne. Da rana yakan zaunar da mutane a wani ɗan ɗaki mai duhu, ya sa su karanta haruffan jikin bango, sannan ya yanka musu gilashi daidai idonsu. Da yamma sai ya ja ƙofar shago, ya saɓi jakar raket, abin buga ƙwallon tanis, ya nufi fili. Abokan wasansa sukan ce ikon Allah, mutumin da ke gyara wa jama'a ido, amma da ƙwallo ta faɗi kusa da layinsa sai ya ce a waje ta sauka. Shi ma yakan taya su dariya, amma bai taɓa janye maganarsa ba.

Kulob ɗin ba na ƙwararru ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, masu tumbi da masu ciwon gwiwa, suna karawa da juna tun daga farkon shekara har ƙarshenta, maza da rukuninsu, mata da nasu. In shekara ta ƙare sai a yi taron ba da kyaututtuka a zauren kulob. Ƙananan lambobi suna da yawa, har wanda ya fi kowa zuwa da wuri yana da tasa. Amma babban kofi, na gwarzon shekara, guda ɗaya ne, kuma kwamiti ke zaɓen wanda za a ba, ko daga wane rukuni ya fito. Ba a mallakarsa. Wanda ya ci ya kai gida, baɗi ya dawo da shi. Kofin nan ya daɗe a falon Bahago har gindinsa ya bar zagaye a kan katakon kabad.

Matarsa babbar nas ce a ɗakin haihuwa, kowa Sista yake ce mata. Ba ruwanta da tanis, iyakarta ta goge kofin in tana sharar falo. Sai da likita ya ce jininta ya hau, lallai ta riƙa motsa jiki, sannan Bahago ya zaro tsohon raket ɗinsa daga ƙarƙashin gado ya miƙa mata.

Ya kai ta gaban bangon koyo, ya nuna mata yadda ake riƙe raket, yadda ake juya ƙugu, yadda ake sa ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta shafi raga. Ta saurare shi tsaf, sannan ta yi abin da ta ga dama. Wasanta ba shi da kyan gani ko kaɗan. Takan tsaya can bayan layi, duk ƙwallon da ta zo ta ɗaga ta sama, ta tafi a hankali ta sauka cikin filin abokiyar karawa. A buga da ƙarfi ta mayar, a buga gefe ta mayar. Macen da ta yi shekara da shekaru tana yini a tsaye kan masu naƙuda ba ta san gajiyar ƙafa ba. Tun matan kulob suna yi mata dariya har suka koma tsakin takaici. Wata mai sayar da labule, wadda ta daɗe tana riƙe da rukunin mata, ta jefar da raket ranar da suka haɗu, ta ce ita ba da mutum ta yi wasa ba, da katanga ta yi.

A shekarar nan Sista ba ta faɗi ko wasa ɗaya ba.

Shi kuwa Bahago, kafaɗarsa ta hagu ce ta fara yi masa gardama. In ya ɗaga hannu zai yi sabis, wato bugun fara wasa, sai ya ji kamar an soka masa allura a gaɓar. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma taje kai da hannun dama, yana shafa man zafi a shago kafin ya taho gida. Lauya, wani gajere mai yawan magana wanda ya daɗe yana bin sa a baya, ya doke shi a tsakiyar shekara, ya kuma doke shi a ƙarshenta. Bayan wasan ƙarshe Lauya ya rungume shi ya ce, "Babban yaya, yau dai ka bar wa ƙaninka." Bahago ya ce, "Ka yi wasa," ya shiga zuge jakarsa.

Yana cikin 'yan kwamiti. Ranar zaman zaɓe suka haɗu a ofishin kulob, ɗan ɗaki mai teburi ɗaya da gwangwanayen ƙwallo jibge a kusurwa. Shugaban kulob tsohon matuƙin jirgin sama ne, Kyaftin ake ce masa. Ya ambaci Lauya, ya ambaci Sista, sannan ya dubi Bahago ta saman tabarau ɗin da shi Bahagon ya yanka masa.

"Ɗan ba mu wuri, ranka ya daɗe. Ba a zaɓe da mijin 'yar takara a zaune."

Ya fita ya tsaya a baranda kusa da firjin lemo. Daga nan yana hango fili, inda wasu ma'aikatan banki ke ta aika ƙwallo cikin raga. Ya jiyo muryoyi sun ɗaga a ciki, sai dariya, sai shiru. Ya lura bai san wanda yake so ya ci ba. In Lauya ne, zai sha surutu shekara guda. In Sista ce, bai ma san me zai sha ba.

Da aka kira shi, Kyaftin ya ce, "Mun gama. Ka goge kofi ka kawo ranar Asabar. Ba zai yi doguwar tafiya ba. Amma ka riƙe bakinka."

Ya riƙe bakinsa. Da safiyar Asabar ya sauko da kofin, ya zauna da tsumma yana gogewa. Sista ta fito daga kicin ta tsaya tana kallonsa.

"Yau kuma? Baban yara, tun da kofin nan ya shigo gidan nan ban taɓa ganin ka taɓa shi da tsumma ba."

"Bankwana muke yi."

"Allah sarki. Lauya zai ji daɗi."

Ya ci gaba da murza hannun kofin.

An yi taron da la'asar. An jera kujerun roba, an rataya tsohuwar raga a bango don ado, makirufo na ta ƙara kamar kullum. Aka raba ƙananan lambobi, ana tafi ana tsokana. Lauya ya karɓi lambar rukunin maza, ya yi jawabi mai tsawo har Kyaftin ya fara duba agogo. Sannan aka kira Bahago, tunda al'adar kulob ita ce mai riƙe da kofi shi ke miƙa wa magajinsa. Ya hau dandamali ya tsaya. Kyaftin ya ja numfashi, ya ce gwarzon bana ba gwarzo ba ne, gwarzuwa ce.

Zauren ya kaure. Matan da ta yi ta kayarwa su suka fi kowa ihu, mai labule har da tsayawa kan ƙafafunta. Lauya ya yi tafi, fuskarsa kamar ya haɗiyi magani. Sista ta tashi tana gyara mayafi, ta hau a natse kamar an kira ta duba mara lafiya.

Bahago ya ɗauki kofin daga kan tebur da hannun da ya saba. Yana ɗagawa kafaɗar ta amsa, har kofin ya karkace. Ta yi wuf ta tallabe shi daga ƙasa.

"Sake shi," ta ce a hankali, tana yi wa mai hoto murmushi. "Na daɗe da gani."

Aka miƙa mata makirufo. Ta ce ta gode wa kwamiti, ta gode wa matan da suka yi haƙuri da ita, ta gode wa maigidanta da ya ara mata raket. Ta ce likita ya auna ta makon jiya, jini ya sauka. Ta mayar da makirufo. Jama'a suka yi ta dariya, sun ɗauka barkwanci ne.

A mota kofin yana kan cinyarta. Sun wuce shataletale kafin Bahago ya yi magana.

"Baɗi sai mun gyara bugunki na bayan hannu. Yanzu kowa ya san ki, ta nan za su riƙa bin ki."

"Wane baɗi? Ai ni na gama."

Ya waiga ya dube ta, har mai motar bayansu ya danna musu ham.

"Kin gama me?"

"Wasan. Abin da ya kai ni ya biya. Ni fa ban taɓa son abin nan ba, Baban yara. Ina tsaye a fili, hankalina yana kan wadda na baro a gado na uku."

"Ba kya so kika cinye kulob gaba ɗaya?"

"Mayar da ƙwallo kawai nake yi. Ku ne kuke son a ce kun iya, shi ya sa kuke ta dukan raga."

Abin da ya ba shi mamaki shi ne a nan ransa ya ɓaci. Da aka fitar da shi baranda bai ji haka ba, da ya miƙa kofi a gaban jama'a ma bai ji ba. Ya ce mata akwai mutanen da suka tsufa a kulob ɗin nan ba su taɓa riƙe kofin ba. Ya ce Lauya zai iya ba da motarsa a kansa. Ya ce ba a cin kofi a gudu, sai an tsaya an kare shi. Ta bar shi ya gama.

"To Lauya ya huta baɗi," ta ce. "Kai kuma ranar Litinin ka rufe shago da wuri. Na yi wa mutanen gashin ƙashi magana."

"Ni na ce miki ina ciwo?"

"Ba ka ce ba. Matashin kanka ne ke warin man zafi."

Ya yi ta lallashinta har lokacin rajistar sabuwar gasa ya wuce. Kyaftin ya zo gida da kansa, mai labule ta yi waya ta ce ba za a kayar da ita sannan a gudu ba. Sista ta ba su haƙuri, ta sayi keken motsa jiki ta kafa a baranda, tana tuƙawa tana sauraron rediyo. Da shekara ta zagayo ta mayar da kofin, Lauya ya ɗauka, ya yi jawabin da ya fi na bara tsawo. Bahago bai buga gasar shekarar ba, likitan ƙashi ya hana shi.

Ranar da ya fara zuwa gashi, ya tarar da ɗakin cike da tsofaffi masu jan igiyar roba da masu koyon tafiya tsakanin ƙarafa. Wata ma'aikaciya mai farar riga ta zaunar da shi kan benci, ta dafa kafaɗar tana lalube. Can ta ja baya ta ƙare masa kallo.

"Baba, ba kai ne mijin Sista mai kofi ba? Hotonku yana manne a ofishinmu."

"Ni ne," in ji Bahago.

"Kai ma kana ɗan taɓa wasan?"

"Ina ɗan taɓawa."

"Madalla. To ɗaga hannun a hankali, in ka ji zafi ka faɗa."

Ya ɗaga har daidai kunne, sannan ya faɗa.