Tsakuwar Meram

Motar na tsalle a ramukan hanyar Nguru, Meram na nishi a kujerar baya, shi kuwa Babayo tunanin shinkafa yake yi. Laifinsa ƙarami ne, in ma laifi ne. Shekara goma sha biyu yana sayar da shinkafa a kasuwar Gashuwa, mai kyan ta masu saye ce, ta gindin buhu da sharar rumfa kuwa ita yake kai wa gida. Ai ita ma shinkafa ce, tsakuwa ce kawai ta ɗan yi mata yawa.

Kwana uku ke nan matar tasa ba ta zaga ba, ko iska ba ta fita. Ciki ya kumbura ya yi tauri, amai tun yana fari har ya koma kore. Maƙwabta suka ce ƙoda ce, don a Gashuwa ko kai ne ke maka ciwo, ƙoda ake fara zargi. Asibiti suka duba suka ce ba ita ba ce, a wuce Nguru yanzu-yanzu.

A can aka zura mata roba ta hanci, aka rataya mata ruwa, aka yi hoto. Likitar tiyata, wata doguwa mai suna Nabila, ta nuna masa wani abu zagayayye a hoton.

"Kai ne maigidan? Dutse ne ya toshe mata hanji. Sai mun buɗe mun cire, yau, kafin hanjin ya ruɓe."

"Dutse?" in ji Babayo. "Irin... tsakuwa?"

"Babba ma kuwa. Sa hannu a nan."

Ya sa hannu, sunan nasa ya fito kamar sawun kaza. Da aka zo tura Meram ɗakin tiyata, ya sunkuya daidai kunnenta.

"Meram, ki yafe ni. Shinkafar nan da nake kawowa..."

"Malam," ta ce da ƙyar, "matsa, ka danne mini robar ruwa."

Ƙofa ta rufe. Ya yi azahar bai san raka'a nawa ya yi ba. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa tagar da ba a ganin komai. Ya yi wa Allah alkawarin sadakar buhu sukutum, mai tsabta, in ta tashi. Can da ya ga an shiga da jini a guje, ya mai da shi buhu biyu. Wa zai gaya wa 'yarsu Bushra cewa da hannunsa ya yi ta auna wa uwarta ajali, mudu-mudu?

Bayan la'asar Likita Nabila ta fito da 'yar kwalba. A ciki wani abu ne mai duhun kore, ya kai ƙwan zabo.

"Hanjin bai lalace ba. Mun tsaga, mun fitar, mun ɗinke. Sai mu ga yadda za ta kwana biyu."

"Likita, haɗuwa suka yi suka dunƙule? Tsakuwoyin shinkafar?"

"Wace shinkafa, Baba? Maɗaciyarta ce ta ƙera wannan. Ya daɗe yana girma, sannan ya huda ya faɗa hanji."

Ya gyaɗa kai, amma bai gamsu ba. Likita ba ta taɓa ganin shinkafar ba.

Rana ta uku Meram ta saki iska, ma'aikaciyar jinya ta yi mata barka kamar ta haihu. Aka cire robar hanci, aka ba ta ruwa a cokali. Babayo ya gyara zama, ya zayyana laifinsa tun daga buhun farko, har da ƙwalla.

Ta daɗe tana dubansa.

"Kada ka sa ni dariya, Malam, ɗinkin zai ɓalle."

Shekara goma sha biyu kajin Meram ne ke cin sharar rumfa. Shinkafar da Babayo ke ci yana santi, da ƙwai take musanyo ta a rumfar Abbo, maƙwabcinsa a kasuwa.