Ɗanmaliki a Tantin Taurari

Tun kafin motar ta iso Rogo magana ta riga ta iso. A kasuwa aka ce wasu 'yan jami'a daga Kano za su kafa tanti a makarantar 'yan mata, su nuna wa yara taurari da rana tsaka. Wasu iyaye suka ce wannan ai duba ne, 'ya'yansu ba za su shiga ba. Shi ya sa hakimi ya tura Ɗanmaliki Sabi'u ya je ya gani da idonsa.

Ya tarar da tantin a ɗakin taron makarantar, baƙi wuluk, ya kumbura kamar ƙaton rumbu, wata fanka tana hura masa iska. Malama Bahijja, malamar kimiyyar da ta gayyato baƙin, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri don ƙofar gajera ce. Ya tattare babbar rigarsa ya shiga da rarrafe, yana cewa a ransa da ya sani da ya turo wani.

Ana kashe fitila sai ga sama a kansa. Nan take ya gane Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda mahaifinsa ya nuna masa tun yana ƙarami. Nuruddeen, jagoran baƙin, ya yi masa bayanin wata na'urar hangen nesa mai suna Webb da aka harba can gaba da wata, tana ɗauko hoto da hasken da ido ba ya gani. Sai ya haska wani hoto cike da ɗigo-ɗigo, wasu ja, wasu kamar zinariya.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "in ka ɗora ƙwayar yashi a yatsa ka miƙe hannu, iyakar saman da za ta rufe ke nan. Yawancin ɗigon nan kowanne taron taurari ne da ba sa ƙirguwa."

Ɗanmaliki ya yi tasbihi a hankali. Da ya tambaya ko suna faɗa wa mutum abin da zai same shi, Nuruddeen ya ce wannan sanin na Allah ne. Su nisa da zafi ake aunawa. Ya ce har an gano tururin ruwa a wata duniya mai kewaya wani tauraro.

Ana cikin haka janareta ya mutu. Fanka ta tsaya, tantin ya fara sacewa har ya taɓa hular Ɗanmaliki, suka fito a gurguje. A waje ɗalibai sun yi layi, iyaye sun taru a bakin ƙofa, Malama Bahijja kuwa kamar ta yi kuka.

"Malama, kwantar da hankalinki," in ji Ɗanmaliki. "Yaran nan ba za su koma gida ba su gani ba."

Ya tura ɗan acaɓa ya ɗauko janaretan gidansa. Sannan ya juya ga iyayen ya ce ya shiga ya fito, ba duba ba ne, karatu ne, kuma 'yarsa Sadiƙa ce za ta fara shiga.

Bayan azahar har iyaye mata sun shiga layi. Da zai koma wajen hakimi, Ɗanmaliki ya sa Nuruddeen ya yi alkawarin dawowa bayan girbi, su kai tantin garuruwan Falgore da Jajaye, Malama Bahijja ce kuma za ta yi bayanin.