Iskar Mai Faci

Mu'awiya mai faci ya tsuguna gaban wata tukunyar iskar nutso ta ƙarfe yana naɗa tsohuwar roba a bakin tiyo don ya kama, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Jama'a ta cika bakin ramin zinarin, amma ba mai kallon ramin. Kowa idonsa na kan tukunyar da tsohon da ya zo da ita. Shi kuwa tsohon, Malam Lirwanu, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ɗan Gummi ne, a gulbin garin ya iya ninƙaya tun bai iya ɗaura wando ba. Boko ta kai shi jami'a ya karanci halittun ruwa, aiki kuma ya jefa shi wata cibiyar binciken teku a Legas. Can ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana nutso da tukunyar iska a baya, yana kamo kifaye da tsutsotsin da ko Turawa ba su raɗa musu suna ba, ya auna, ya zana. Har rufe shi aka sha yi cikin wani ɗan mitsitsin jirgi, a zura shi inda hasken rana bai taɓa leƙawa ba. Da ya yi ritaya ya dawo gida, abin da ya tsira da shi suna ne, Na-Teku, sai 'yan majalisa masu jan sa da tsiya. In ya ce akwai kifin da ke yawo da fitila a goshi, sai a tambaye shi batir nawa take ci. Tukunyar kuwa tana kusurwar ɗaki shekara da shekaru, matarsa na rataye mata mayafi.

Da hantsin nan ne ƙanwarsa Kulu, wadda ke aure a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, ta faɗo gidan ko sallama babu. Ruwan asuba ya kwararo cikin ramin da ɗanta Murtala ke haƙa. Abokan aikinsa sun tsere sun fito, shi ruwa ya datse shi a wani lungu da ya yi sama can ƙarƙashin ƙasa. Daga ramin da ke kusa ana jiyo bugun gudumarsa cikin dutse, alamar yana da rai, yana shaƙar 'yar iskar da ta rage a lungun.

"Yaya, tashi ka ɗauko kayanka," in ji ta. "Kai kaɗai ka iya shiga."

"Kulu, tukunyar ga babu iska ciki. Ta daɗe da ƙarewa."

"Iska? Duk ƙasar ga iska za mu rasa? Ga masu faci ko'ina bakin hanya!"

Ya buɗe baki zai yi mata bayani, sai ya ga ta durƙusa a gabansa, ita da ko gaisuwar Salla a tsaye take yi masa. Ya fasa bayanin. Haka aka ɗaure tukunya a bayan babur suka kama hanya, yana sane da cewa wofi ya ɗauko.

Yanzu ga Mu'awiya ya ja igiya, injin faci ya tashi da ƙara, tiyo ya kumbura. Malam Lirwanu ya kafa wa agogon tukunyar ido. Allurar ta ɗan yi rawa, ta ɗaga kamar mai jin kunya, ta tsaya.

"Ta sha, Malam?" Mu'awiya ya tambaya da ƙarfi.

"Ƙara."

"Wallahi iskar da niz zuba mata, ko tayar tirela ta ƙoshi!"

Gaskiyarsa ne, bawan Allah. Sai dai abin da tukunyar ke so ya ninka na taya ninkin-ba-ninkin, kuma injin da ke yin sa yana can bakin teku. Malam Lirwanu ya murɗa kan tukunyar ya sunsuna. Warin baƙin mai ya daki hancinsa. 'Yar iskar ba za ta kai mutum ko'ina ba, wanda ya shaƙe ta a ƙarƙashin ruwa kuma sai dai a yi neman mutum biyu. Ya ɗaga wa Mu'awiya hannu ya kashe injin.

Wurin ya yi tsit. Shirun ne ya sa gabansa ya faɗi, domin ramin da ake ceton mutum a cikinsa bai kamata ya yi shiru ba. Ya waiwaya ya ga injin jan ruwa a zaune, tiyonsa a bushe, ga gugaye da bokitai zube a laka, masu su sun harɗe hannu suna kallon sa.

"Wa ya kashe injin ruwa?"

Abdulƙadir, mai ramin, ya matso yana sosa ƙeya. "Mu munka kashe shi, Malam. Mai ya yi ƙasa, ka san ba a samun shi nan kusa. Shi na munka rage ma Mu'awiya."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka bugo anka ce kun taso. Mun ce tunda Na-Teku na tahe..."

Malam Lirwanu ya leƙa ramin. Alamar da suka yi da gawayi a jikin bango da safe ta nutse, don ruwa na ci gaba da tsattsafowa daga sauran ramuka. Duk tsawon tafiyarsu daga Gummi, sunansa ne ya zaunar da mutanen nan. Bai san sa'ad da ya daka tsawa ba.

"Ku tada shi! Ku juye man baburanku duka! Ku kuma ku ɗauki guga, mi kuke kallo? Ni aljani na?"

Nan da nan wuri ya rikice. Aka kwantar da babura ana zuƙo mai da baki, injin ya yi tari ya kama, ruwa jawur ya fara malala cikin gona. Shi kuwa ya tuɓe riga, ya sa gilashin nutsonsa wanda robarsa ta tsattsage, ya ce a ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya san ba dabara ba ce, amma tsayuwa a gaban Kulu ta fi ƙarfinsa.

Ruwan sanyi ƙalau, kauri kamar kunu. Gilashin bai nuna masa komai ba, ko tafin hannunsa. Ya ja numfashi ya nutsa yana lalube, har yatsunsa suka sami bakin lungun, ɗan tsukuku wanda sai da rarrafe ake shiga, laka ta cinye rabinsa. Ya tura kai da kafaɗa ɗaya, ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Da ƙuruciya da yanzu ya fara, amma huhun tsufa ba ya jin lallashi. Ya girgiza igiya aka jawo shi. Ya huta ya koma, ya sake komawa, har sai da aka fito da shi jini na bin hancinsa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukar sa.

Ba wanda ya ce masa sannu da ƙarfi. Can baya wani ya yi ƙasa da murya ya ce ashe teku ta fi sauƙi, wani ya ce masa ya rufe wa mutane baki. Malam Lirwanu ya ji su duka, yana zaune kan buhun dutse yana rawar sanyi. Adama, matar Murtala, ta kawo masa rigarsa ba tare da ta dube shi ba.

Bayan la'asar mai saurare a ɗaya ramin ya hauro ya ce ya daina jin guduma. Aka koma aka buga, aka kasa kunne, ba amsa. Ruwan ya ragu, amma bakin lungun na can ƙasa, gabas kuma ta fara haɗa baƙi. Abdulƙadir ya zo da dattawa biyu suka tsuguna gaban Malam Lirwanu.

"Malam, kai ad da ilimin abin ga," in ji Abdulƙadir. "Hanyar ga ba ta biyuwa in rana ta hwaɗi don ɓarayin daji, ka sani. Mutane na son tahiya. In ka ce ya cika, sai mu haƙura mu bar ma Allah."

Kulu na tsaye a bayansu. Tun isowarsu ba ta zauna ba.

Malam Lirwanu ya yi lissafin da ya iya. Bai san faɗin lungun ba, bai san inda ruwa ya kai wa yaron ba. Mai yiwuwa iska ta ƙare. Mai yiwuwa kuma Murtala ya gaji ne ya ajiye guduma yana tattalin numfashi. Ya laluba duk abin da ya koya a rayuwarsa, bai sami abin da zai ba mutanen nan ba. Hawaye ya zubo masa, a gaban maza, bai ko share ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Dattawan suka dubi juna. Kulu ta ratso tsakaninsu ta tsaya a kansa.

"Yaya, dube ni. Ba ka san ya mutu ba?"

"Ban sani ba, Kulu."

Ta juya ga Abdulƙadir. "Kun ji da kunnenku. Tunda shi ma bai sani ba, ba a kashe injin ga."

Ta sunkuya ta ɗauki gugan da wani ya yar ta nufi bakin ramin, yayyafi na fara sauka. Malam Lirwanu ya dafa buhun ya miƙe da kyar, ya je ya tsaya a bayanta, ya miƙa hannu yana jiran gugan ya hauro.