Ramin da Ke Tsakiyar Layi

Da hannuna na haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, don ni in na taso daga aiki ba ni da abin yi sai taɓe-taɓen wayoyin lantarki. Wata 'yar kwamfuta kamar akwatin ashana ke lura da zafi, tana ƙirga kwanaki. Sai ta tsiro da tsiya: yau lafiya lau, gobe ka tarar ta koma kwana na ɗaya, injin ya huce. Ƙwai arba'in suka lalace.

Baba kaɗai ke wuni a gida tun da ya dawo zama da mu. Shi ke juya ƙwan, har hira yake yi musu. A gaban matata na ce masa:

"Baba, don Allah ka daina danna abin da ba ka sani ba."

"Ban taɓa ba."

"To aljani ne?"

Na sa wa ɗakin injin kwaɗo. Kwaɗo fa, saboda mahaifina! Sati bai cika ba ya tattara kayansa ya koma gidan yayata.

Injin kuwa bai fasa ba. Abokin aikina Dogo ya ara min osiloskof mai batir, na'urar da ke zana wutar cikin waya a kan allo. Na maƙala tsinkenta a wayar da ke mayar da kwamfutar farko, na ɗana ta: da wutar ta faɗi, ta kama hoton ta riƙe. Ranar Asabar da hantsi na zauna ina gadi, layin wutar a miƙe samɓal a kan allon. Firjin kicin ya yi gurnani ya tashi. Nan take hoton ya tsaya cak, ga wani siririn rami a tsakiyar layin, kwanaki sun koma ɗaya. Ashe tashin firjin ne ke fizge wa injin wuta. Firji da inji a soket ɗaya suke, kuma ni na ja wayar.

Kunya ta rufe ni, wallahi. Ban kashe na'urar ba, haka na rungume ta har gidan Yaya. Na tarar da Baba a baranda.

"Baba, duba nan. Firji ne. Ka yafe min, ka zo mu koma gida."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya miƙo min.

"Ni ai na sani. Kai ne sai da inji ya faɗa maka."

Daga nan ya tambaye ni lafiyar iyali, yadda ake tambayar baƙo.