Ƙazuwar da Barmo ya yi wa taguwarsa

A shekarar da Nasara suka sake tara raƙuma don kai wa sojojinsu kaya can arewa, inda har lokacin bindiga ba ta yi shiru ba, gardi, dogarin Nasara, ya zo garin Tarka ya ce kowa ya kai dabbarsa Tanut a duba.

Barmo taguwa ɗaya gare shi, raƙuma mai nono, ita ke nan. Nonon matarsa Raishatu ya ƙafe tun da zazzaɓi ya kayar da ita, jaririyarsu Bintu da nonon taguwar nan take rayuwa. Raƙumin da soja ya ja kuwa, wa ya taɓa ganin ya dawo?

Sai ga maƙwabcinsa Dodo, sarkin shawarar da ba a tambaya ba. Ya ce, "Haba Barmo, kamar ba ɗan Damargu ba! Bara duk mai ƙazuwa korar shi suka yi. Ka yi mata ƙazuwa mana."

Haka ya yi. Ya durƙusar da ita, ya tuge gashin wuyanta da na kafaɗa, ya shafa nonon tumfafiya, ya bi da toka. Tana ruri, yana ba ta haƙuri da hawaye. Fata ta tashi, ta fashe, ƙuda suka taru. Wallahi aikin ya yi kyau, ko tsohon makiyayi sai ya rantse ciwo ne.

Ashe bana da wani Nasara likitan dabbobin soja aka zo. Tun ba a fara zaɓe ba ya zaga yana tsame marasa lafiya. Ya tsaya kan taguwar Barmo, ya toshe hanci, ya yi magana.

Tafinta Kadi ya ce, "Ya ce ciwon nan ne ya cinye musu ayari bara. Ba za ta sake shan ruwa da wata dabba ba. Harbe ta za a yi."

Barmo ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, ƙarya ce! Ni na yi mata da hannuna, tumfafiya ce!"

Kadi ya ce, "Malam, yau duk mai ƙazuwa tumfafiya yake cewa." Ko juya wa Nasaran maganar bai yi ba, mugun.

"To a bar ni in yanka ta."

Ina! Soja ya ɗora mata bindiga a bayan kunne. Ta mutu mushe, nono na tsiyaya cikin rairayi. Aka jibga ƙirare aka cinna wuta.

Barmo na nan tsaye da igiya a hannu aka fara zaɓe. Likita ya ware raƙuma maza ƙarfafa gefe ɗaya. Sannan Kadi ya ɗaga murya don kowa ya ji:

"Masu taguwa mai nono, ku ja abinku ku tafi gida. Mai shayarwa ba ta jure tafiya, ba a son su."